Ƙaramin kan jirgina yana gudu da iska, amma da tururi sai ya sare

Mai Magagari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa maƙera. Na daɗe ina karatu a nan ban tanka ba, yau dai tura ta kai bango. Shekara huɗu ke nan ina ƙera ƙaramin kan jirgin ƙasa mai aiki da tururi, na layin dogo mai faɗin inci 5. Ƙafafunsa shida, duk a haɗe, tankunan ruwa a gefe da gefe. Zanen nawa ne. Silinda biyu, faɗin kowacce inci 1.5, tafiyar fistin inci 2, ƙafafu inci 4.5. Tukunyar ta jan ƙarfe ce, liƙin azurfa, matsin aikinta fam 90 a kan kowane inci murabba'i.

Ranar da na fara ba shi iskar kwamfaresa a kan tebur, da fam 15 kacal ya soma juyawa, gaba da baya, bugu huɗu daidai wa daida a kowane zagaye. Na tsaya ina kallonsa har idona ya kawo ruwa. To amma da na hura masa wutar kwal na hau keken da yake ja, labari ya sha bamban. Allurar ma'aunin matsi tana kan 90, na buɗe tururi, ya zabura kamar doki. Kafin mita ɗari ta sauko 70, sannan 50, sannan 35. Na leƙa murhu, wutar ta koma ja mai duhu, babu farin nan. In na tsaya na buɗe mahura, wato bututun da ke fesa tururi sama cikin bututun hayaƙi don ya ja wa wuta iska, minti biyar ya dawo hayyacinsa, in na tashi kuma a maimaita.

Ni dai na yanke cewa tukunyar ce ta yi masa kaɗan, zan ƙera wata babba. Amma aikin wata takwas ne, shi ya sa na ce bari in ji ta bakinku tukuna.

Ɗan Koyo:
Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya ƙara basira. Ni ko firam ban gama ba, amma wannan abin nake tsoro. Na ja kujera.

Baba Mai Tukunya:
Ɗana, kada ka yanka jan ƙarfe tukuna. Ka riga ka ba da amsar da bakinka: in ka buɗe mahura, cikin minti biyar matsi ya dawo. Tukunyar da ta iya haka ba ta gaza ba. Iska ce ba ta ratsa wutar in jirgin yana tafiya.

Kan jirgi yana ɗauke da zugazuginsa a jikinsa. Tururin da ya gama aiki a silinda yana fita ta wani ƙaramin baki a cikin akwatin hayaƙi, ya harba sama cikin bututun hayaƙi, ya ja iskar da ke akwatin ya tafi da ita. Wannan jan shi ke zuƙo iska ta ƙarƙashin ragar murhu, ta ratsa kwal, ta bi ta bututan wuta. Aiki ya yi nauyi, bugu ya yi ƙarfi, wuta ta ƙara ci. Da wannan da kuma bututan wuta guda 25 kan jirgin nan Rocket na Stephenson ya lashe gasar Rainhill a 1829, kuma har yau da wuya ka sami kan jirgin tururi da ya kuɓuta daga wannan ƙa'ida, babba ko ƙarami.

Gaya mini abu uku. Faɗin bakin fitar tururin nawa ne? Bututan wuta nawa, tsawonsu da faɗin cikinsu? Da me ka toshe wurin da bututan tururi suka ratsa gindin akwatin hayaƙi?

Injiniya Mai Lissafi:
Baba, a gafarce ni, ban yarda cewa a akwatin hayaƙi kaɗai matsalar take ba. Na buga lissafin ƙarfin ja: faɗin silinda sau kansa, sau tafiyar fistin, sau kashi 85 cikin ɗari na matsi, a raba da faɗin ƙafa. Ya ba ni fam 76 da ɗoriya, kusan kilo 35. Malam, nawa jirgin yake a sikeli? In kilo 50 ne, abin da ƙafa za ta iya riƙewa a busasshen dogo bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin ba, kilo 12 ko 13. Silindar nan ta fi ƙarfin jirgin kusan sau uku. Baki ne babba a kan ƙaramin ciki, yana shanye tururi fiye da abin da tukunya ke dafawa. Ni shawarata a sa wa silinda riga a ciki, a rage ta zuwa inci 1.25.

Baba Mai Tukunya:
Lissafinka daidai ne Injiniya, hukuncin ne ban bi ba. Wa ya ce sai an cika silinda da tururi har ƙarshen tafiyar fistin? Ai don haka aka yi sandar juya gaba da baya mai matakai. Ana tashi da ita a ƙarshe, da jirgi ya miƙe sai a ja ta baya, bawul ya yanke tururi a kashi 30 ko 40 na tafiya, sauran tururin ya kumbura da kansa ya ƙarasa turawa. Babbar silinda da ake yanke mata tururi da wuri ta fi ƙarama da ake ɗura mata har wuya tattali. Ƙananan jirage da yawa masu wannan faɗin dogo silindarsu inci 1.5 ce, suna jan mutane yini guda.

Mai Magagari:
Na gode ƙwarai. Baba, ga amsa. Bakin fitar tururi milimita 8. Bututan wuta 14, tsawo inci 12, faɗin ciki kashi uku cikin takwas na inci. Ba ni da bututun ƙara wa tururi zafi. Wurin da bututai suka ratsa gindin akwati kuwa ban sa komai ba, na ga sun shiga cif. Injiniya, nauyinsa kilo 52 da ruwa. Gaskiya kuma sandar a ƙarshe nake barinta, domin in na ja ta baya bugun yana ɗingishi.

Bakin nan da bututun hayaƙi daga hoton wani babban jirgi na auna su, na rage su daidai da yadda na rage komai.

Malama Mai Zane:
Malam, jimlarka ta ƙarshe ita ce ta tsaya mini. Nan ne yawancinmu muke faɗawa, ni ma na faɗa a jirgina na farko. Ƙarfe yana raguwa yadda ka zana shi, amma ruwa da wuta da iska ba su san ka rage komai ba. Dogo na inci 5 yana nufin an rage jirgin gaske, mai dogo na milimita 1435, wajen sau 11. Tsawo ya ragu sau 11, amma faɗin fili, kamar ragar murhu, ya ragu fiye da sau 120, cikin tukunya kuwa fiye da sau 1,400. Ka ga ƙaramar tukunya fatarta ta yi yawa a kan ruwan da ke cikinta, zafi na zurarewa ta ko'ina. Harshen wuta ba ya ƙanƙancewa don ya shiga siririn bututu, toka ma haka. Da za ka rage bututan babban jirgi sau 11, da toka ta toshe su kafin ka zagaya sau ɗaya.

Wannan gardama tsohuwa ce. A Ingila, a shekarun 1920, an yi ta tsakanin Henry Greenly da mutumin da ke rubutu da sunan LBSC a mujallar Model Engineer. LBSC ya dage cewa ɗan ƙaramin jirgi zai iya cin kwal na gaske da tukunya irin ta babban jirgi, ya ƙera wani mai suna Ayesha a dogo na inci 2.5 kacal, ta ja shi yana zaune a baya. Abin da ya sa ta yi aiki shi ne ya auna cikinta da abin da wuta ke buƙata, ya bar wa waje kamannin.

Game da bututanka: akwai ma'aunin da ake yawan bi, a raba tsawon bututu da faɗin cikinsa sau kansa, a inci, a sami wajen 65. Naka ya ba da 85, sun ɗan matse. Da kashi bakwai cikin sha shida ne da sun fi numfashi. Amma wannan bai kai a zubar da tukunya ba, sai dai ka riƙa share su bayan kowace tafiya, kuma jan iskarka ya zama mai ƙarfi.

Saurayin Gareji:
Ni fa ina ganin kuna wahalar da bawan Allah. Yaya, ɗaure bawul ɗin tsaro kaɗan ya kai 120 ko 130, ka sami rara. Jan ƙarfe ai yana da ƙarfi.

Baba Mai Tukunya:
A'a. Ɗana, janye wannan maganar, akwai masu koyo suna karantawa. A matsin fam 90 ruwan da ke cikin tukunyar nan zafinsa ya kai digiri 166, matsi ne kaɗai ya hana shi tashi. In wani wuri ya tsage, wani kaso nasa zai koma tururi nan take, kuma ruwa in ya zama tururi a sarari yana cin wuri sau 1,600. Direba yana zaune ne fuskarsa na kallon bayan murhu, tazarar kamu biyu. Jan ƙarfe kuma ƙarfinsa raguwa yake in ya yi zafi, kaurin faranti da tazarar sandunan da ke riƙe bangon murhu duk an lissafa su ne a kan 90.

Kuma ko an ɗaure, me aka gyara? Zai fara daga 130 ya sauko 35, tafiyar ta ƙaru da 'yan mitoci, shi ke nan.

Tunda maganar ta zo, Mai Magagari, ka gwada tukunyar da ruwa?

Mai Magagari:
Na gwada Baba. Na cika ta maƙil da ruwan sanyi, babu iska ko kaɗan, na buga famfon hannu har 180, ta riƙe babu ɗigo. Bawul ɗin ma na gwada shi da wuta mai ƙarfi da mahura a buɗe, allura ba ta wuce 96 ba.

Baba Mai Tukunya:
Madalla. Haka ƙungiyoyin masu wannan aiki a Ingila suke yi: sabuwar tukunya ninki biyu na matsin aiki, gwaje-gwajen baya ɗaya da rabi, bawul kuma kada ya bar matsi ya haura kashi 10 cikin ɗari. Ɗan Koyo, riƙe wannan: da ruwa ake gwaji, ba da iska ba. Ruwa ba ya matsuwa, in wuri ya buɗe ɗigo za ka gani. Iskar da aka matse kuwa tarwatsewa take.

Saurayin Gareji:
Na janye Baba, Allah ya huci zuciyarka. Ban san zafin ya kai haka ba.

Baba Mai Tukunya:
Ba komai ɗana. To Mai Magagari, ga aikinka, kuma ɗaya bayan ɗaya za ka yi, kana gwadawa kana rubutawa, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi magani ba. Fara da kyandir. Hura wuta, buɗe mahura, ka bi da harshen kyandir a gefen ƙofar akwatin hayaƙi, da gindinsa, da inda ya haɗu da tukunya. Duk inda harshen ya sunkuya ciki, ɓarawo yana nan. Iskar da ta shiga ta can ba ta bi ta wuta ba.

Bayan haka ka sassaƙa sanda da ta shige bututun hayaƙi cif, ƙarshenta mai tsini, ka zura ta daga sama. Tsinin ya faɗa tsakiyar bakin. Sai tsayin bakin. Tsohuwar ƙa'idar ita ce ɗaya cikin uku da ɗaya cikin shida: yanka kwali biyu masu siffar mazurari, ɗaya yana buɗewa da inci 1 a kowane inci 3 na tsayi, ɗayan inci 1 a kowane inci 6. Ka dasa su a bakin. Na farko ya taɓa maƙogwaron bututun hayaƙi, na biyu ya taɓa leɓensa na sama. Rage faɗin bakin shi ne na ƙarshe.

Injiniya Mai Lissafi:
A kan na ƙarshen nan ina da ja. Matse baki yana ƙara jan iska, gaskiya ne, amma yana shaƙe silinda, fistin yana tura tururin da ya ƙi fita. Abin da André Chapelon a Faransa da Livio Dante Porta a Ajantina suka shafe rayuwarsu suna yaƙa ke nan, a sami jan iska mai yawa ba tare da an shaƙe injin ba. Tsare-tsarensu na fitar tururi, Kylchap da Lempor, duk daga nan suka fito. Kada mu koya wa mutum gyaran da zai cinye masa ƙarfi.

Baba Mai Tukunya:
Shi ya sa na sa shi a ƙarshe. Kuma kai da kanka ka nuna mana yana da rarar ƙarfi sau uku. Ya yi bakuna uku masu zare, milimita 7 da 6.5 da 6, ya zauna a kan mafi faɗin da ke riƙe matsi.

Mai Magagari:
Na dawo, bayan sati biyu. Baba, Allah ya saka da alheri, gani ya kori ji. Ina kai kyandir ƙarƙashin akwatin, wajen bututun tururi na hagu, harshen ya kwanta ya shige kamar ana zuƙarsa da tsinke. Da na haska fitila daga ciki a cikin duhu, sai ga siririn haske kamar jinjirin wata zagaye da bututun. Ƙofar ma ba ta zauna ba ta ƙasa. Na goge bakinta a kan gilashi da garin guga har ta kwanta, na toshe gindin da abin liƙi mai jure zafi. Da wannan kaɗai allura ta tsaya a 60.

Sandar tsini kuma ta nuna bakin ya karkace wajen milimita 2 zuwa dama. Da na duba cikin bututun hayaƙi, gefe ɗaya wanke tas, ɗayan baƙi ƙirin da kunkunniya. Shekara guda ina kallon wannan alamar ban karanta ta ba. Na daidaita, na ɗaga bakin milimita 5 bisa kwalin, na sa na 6.5. Jiya na yi zagaye shida da mutum biyu a baya, allura tsakanin 80 da 85, wutar fara fes, har bawul ya yi tsaki a gangara.

Saura ɗingishin nan in na ja sanda baya, da ruwan da yake fesowa ta bututun hayaƙi.

Ɗan Koyo:
Alhamdu lillahi! Yaya, da ka ƙera sabuwar tukunya, da ita ma haka za ta yi ke nan?

Malama Mai Zane:
Haka za ta yi ƙanena, tunda akwatin hayaƙin bai canja ba.

Malam, wane tsarin bawul ka yi? In na Walschaerts ne, wanda ɗan Beljiyam ɗin nan ya ƙirƙiro a 1844, ɗingishi a matakan baya yawanci daga ƙaramin kuranki yake, ko tsawon sandar da ke kaɗa baka, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ke motsa sandar bawul. Akwai gwaji mai daɗi. Sa fistin a ƙarshen tafiyarsa daidai, ka kaɗa sandar direba daga gaba zuwa baya. Bawul bai kamata ya motsa ba ko ƙiris. Yi haka a ƙarshen gaba da na baya, gefen hagu da na dama. In ya motsa daidai a duka biyun ta fuska ɗaya, tsawon sanda ne. In ya saɓa, kusurwar kurankin ce. A cikakken mataki kuskuren yana ɓuya domin bawul na tafiya mai nisa, da ka rage tafiyar sai ya fito fili. Iskar kwamfaresa ma tana rufa masa asiri, shi ya sa ya yi maka kyau a tebur.

Injiniya Mai Lissafi:
Na karɓi maganar Baba a kan akwatin hayaƙi, allura ta raba gardama. Silinda kuma a bar ta yadda take in har bawul ya gyaru. Amma feshin ruwan nan yana tare da ni. Jiƙaƙƙen tururi ne ke shiga silinda mai sanyi yana komawa ruwa, kuma kamar yadda Malama ta ce, ƙaramar silinda bangonta ya yi yawa a kan abin da ke cikinta. Tun da Wilhelm Schmidt a Jamus ya kawo bututun ƙara wa tururi zafi a ƙarshen ƙarni na 19 manyan jirage suka rungume shi, mu ƙanana mun ma fi su buƙata. Rashinsa a zanen nan kuskure ne.

Baba Mai Tukunya:
Kuskure ne, ban musa ba. Amma sa shi yanzu yana nufin a buɗe tukunyar da ta ci gwaji, a cire bututai a sa manya, kuma mai da liƙaƙƙiyar tukunya cikin wuta ba wasa ba ne, wani tsohon liƙin zai iya saki. Ni ba zan taɓa ta ba. Ya naɗe silinda da tukunya da abin riƙe zafi, ya buɗe famfunan zubar da ruwa na silinda kafin tashi, kada kuma ya cika ruwa ya wuce kashi biyu cikin uku na gilashin da ke nuna ruwan tukunya. Wani feshin ma daga cikar tukunya ne, ko mai da ya shiga ruwa yana sa shi kumfa.

Injiniya Mai Lissafi:
Wannan rage zafi ne Baba, ba magani ba. Jirgi na biyu dai a zana shi da shi tun daga takarda.

Mai Magagari:
Malama, kin gano shi. Na Walschaerts ne. Gefen dama bai motsa ba, na hagu yana gusawa kusan rabin milimita, ta fuska ɗaya a duka ƙarshen biyu. Na ƙera sabuwar sanda, sau biyu, ta farkon na wuce da magagari. Yanzu ina jan sandar direba mataki uku baya, bugu huɗu suna fita sak, kuma kwal ɗin da nake zubawa ya ragu sosai. Na naɗe silinda, feshin ya ragu amma bai ɗauke ba, don haka Injiniya yana da gaskiyarsa. Na rubuta a littafina saboda na gaba.

Wani sabon abu kuma ya ɓullo. Tunda yanzu yana daɗewa a kan dogo, bayan rabin awa injekta, na'urar da ke tura ruwa cikin tukunya da ƙarfin tururi, tana ƙin ɗaukar ruwa, sai ta yi ta zubarwa ƙasa tana huci. Da safe kuwa lafiya lau take kamawa. Famfon aksil, wanda juyawar ƙafafu ke bugawa, shi ke cetona.

Baba Mai Tukunya:
Sa hannu a tankin gefe in ta fara ƙi, za ka ji ruwan ya yi ɗumi, tukunya ce ke gasa shi. Na'urar nan ta Henri Giffard, tun 1858, aikinta ya dogara ne a kan tururi ya narke cikin ruwan sanyi nan take, saurinsa ya koma ƙarfin tura ruwa cikin tukunya. Ruwan ɗumi ba ya narkar da shi da wuri. Bar tankunan gefe wa famfon aksil, ka ɗora wani tanki a keken da kake zama, ka jawo wa injekta tiyo daga can, da matata a bakinsa. Duba kuma ƙwallon bawul ɗin da ke shigar da ruwa tukunya, in yana yoyon tururi baya shi ma yana gasa ta.

Mai Magagari:
Tankin yana ɗumi kam, na taɓa. Akwai galan na lita biyar, zan ɗaura shi a ƙarƙashin kujera ranar Asabar in gwada. Baba, tiyo mai faɗin milimita 6 zai isa, ko in nemi na 8?